Gwiwar Hannu

A Panteka Jatau ya ɗaura mini hita
cikin motar da ta zama ɗakina.
Ya ce, "Ɗumi ake nema, ba ruwan fige kaza ba."
Na ji da kunne ɗaya,
na murɗa maɓallin har ƙarya.

Da asuba, a gindin gadar Kawo,
Ladidi ta buɗe famfo.
Ihun nan har yau yana maƙale a kujeru.

Yanzu duk ƙarshen wata
sai in kashe gas, in jira tanki ya huce,
in kwance noti,
abin da ya kwanta ya zubo,
fari, kamar tsakin masara.

Tabon ya dushe a bayan hannunta.
Ita ta manta.
Ni dai, kafin ta yi wanka,
gwiwar hannuna ke fara gaisawa da ruwan.