Ɗari Uku a Littafin Bashi

Babayo, yau kwana arba'in,
har yanzu sunanka na nan a littafina,
shafi na tara, ƙasan na Ɗahe mai faci:
cajin waya sau shida, naira ɗari uku.
Ranar da aka shimfiɗe ka ƙofar gidanku a Bolari
liman ya juyo ya ce, akwai mai bin sa bashi?
Na ce na yafe, da ƙarfi, har aka waiwayo.
Baki ya yafe.
Hannu ne ya ƙi ɗaukar biro ya soke.

A bencin nan kake zama, gefen da ƙusa ta leƙo,
gurmi a cinya, kana jan tsirkiya da haƙori,
kana yi wa janaretona tsiya,
wai shi ma makaɗi ne, wurin tsayawa ne bai sani ba.
Duman daga Kumo ka ɗauko shi.
Fatar guzan kuwa a rufin shagona ka shanya,
kwana uku ƙuda na korar mini ciniki.
Na yi faɗa. Ka ce, Kawu, yi haƙuri,
warin nan wata rana zaƙi zai koma.
Ya kuwa koma.
'Yan acaɓa kan kashe inji su jingina,
mai kunun gyaɗa ta tsallaken titi
ta taɓa barin tukunya ta kama
tana tsaye da ludayi a hannu.

Shekara ashirin da uku.
Sikila ta san ka tun kana goye.
Ka ce ita ta fara koya maka kiɗa,
don cikin ƙashi take buga nata.
In hadari ya haɗo ta wajen dutsen Liji
mu muna murnar ruwa,
kai kana lalubar rigar sanyi, ido ya yi rawaya.
Ka yi wa mai shayi waƙa,
ka yi wa akuyar da ta cinye maka takardar magani,
ciwon ne kaɗai ka hana ko baiti ɗaya.

Daren Laraba muka fara ɗaukar sabuwa
a tsohuwar kwamfutata mai mataccen batir.
Baiti ɗaya da rabi,
ka kai daidai “idan na dawo”
sai mai ya ƙare, duhu ya rufe mu.
Ka yi dariya ka ce, bari, gobe ma rana ce.
Goben a gadon asibiti ta same ka,
ana neman jini leda biyu,
aka samu ɗaya.

Yanzu samari na zuwa da waya,
Kawu, tura mana na Babayo.
Ina tura musu, ko sisi ba na karɓa,
sai wannan guntuwar, ita na hana kowa.
In na ja ƙofa bayan isha'i nakan kunna ta:
ga tarinka kafin ka fara,
ga kukan benci,
ga “idan na dawo”,
sai shiru.
Na gwada ƙarasa maka sau nawa.
Ni mai caji ne, abin da aka kawo nake cikawa.

Innarka ta aiko da gurmin cikin buhu,
ta ce ba ta iya kwana ɗaki ɗaya da shi.
Na rataye shi sama da wayoyin mutane.
Damshin damina ya sassauta tsirkiya.
Jiya ƙanenka Manu ya ɗan taɓa ta da yatsa,
ya janye kamar ya taɓa garwashi.

An ce wa'adi ne. Na sani,
ba na ja da Mai Sama.
Allah Ya yayyafa wa makwancinka sanyi,
irin wanda ba ya shiga ƙashi.
Ɗari ukun nan halal ce gare ka, duniya da lahira.
Sunan kawai nake riƙewa.