Kwali na Goma Sha Ɗaya

Kwali arba'in da bakwai na ƙirga
a ɗakin baya na kantin mahaifina,
a gindin tudun Valparaíso, inda iskar teku
ke lasar bango har fenti ya saluɓe.
Shekara hamsin da ɗaya na igiya, ƙugiya da man inji,
wanda ya ci bashi, wanda ya biya,
da wanda teku ta riga mu kai masa sammaci.

Bara gobara ta gangaro, ta tsaya layi biyu da mu.
Na kwana zaune a kan kwalayen
kamar kazar da aka ba ƙwan agwagwa.
Da safe akanta ya ce, Fresia,
takarda ba ta da ƙafar gudu,
a ɗauki hotonsu a zuba a kwamfuta.

Sai na kira kamfani uku.

Na farko ya turo yaro mai kwat da turare.
Ya auna kwalayen da ido, ko ɗaya bai buɗe ba.
Feso kaza kowane shafi, babu mai yi miki haka a garin nan,
sai dai za mu yanke ɗinkin littattafan,
injinmu ba ya cin abu a ɗaure.
Na ce, bayan kun yanke fa?
Ya ce, mu niƙe miki su kyauta.
Kyauta.
Na raka shi ƙofa. Araha ba ta ado.

Ta biyu ta waya muka yi.
Mota za ta kwashe komai zuwa Santiago, mako shida.
Wa ke riƙe makullin ɗakin ajiyarku?
Wa zai karanta sunayen waɗanda ba su biya ba,
waɗanda jikokinsu ke gaishe ni a kasuwar kifi?
Ta ce, ai yanzu a gajimare ake ajiya.
Na leƙa taga.
Gajimaren da na sani ko ruwansa ba ya iya riƙewa.

Herminia Olave ta hau matakala tana haki,
sikana a jaka, safar hannu a aljihu.
Ba ta yi maganar kuɗi ba, kujera ta nema.
Ta ja kwali na goma sha ɗaya,
ta zare allura mai tsatsa da bakin farce,
ta ɗaga wani rasit ga hasken fitila,
ta juya shi.
Bayan takardun ma a ɗauka?

Rubutun fensir ne, hannun babana,
mai karkata kamar jirgi a iska:
Nibaldo, ɗansa na asibiti,
kada a tambaye shi sai hunturu ya wuce.
Shekara ashirin ina share ƙurar kwalin nan,
ban taɓa juya takarda ba.

Kuɗinta ya kusa ninka na yaro mai kwat.
Wata uku, a nan kantin, a kan idona,
kowane fayil da shekararsa da sunan jirginsa,
kwafi biyu, ɗaya a gidan ƙanwata a Quilpué.
Ta kuma faɗi abin da sauran suka haɗiye:
tawadar wasu shekarun ta riga ta tafi,
inji ba ya tashin matattu,
abin da idona ya gane zan rubuta da hannu,
saura sai haƙuri.
Na sa hannu.

Yanzu kullum hantsi haske na wucewa ƙarƙashin murfi,
ya je, ya dawo, kamar mai shara.
Jiya na buga Nibaldo, kafin ƙiftawa ya fito:
igiya mita sittin, galan biyu na fenti,
ba layi a kan sunan, ba alamar an biya.
Hunturu talatin sun wuce.

Akanta na so ya san gidan da zai sa kuɗin,
asara ko bashin da ake jira.
Na ce ya bari tukuna.
Herminia na kan kwali na goma sha biyu.