Dutsen Awon Kawu Hammayo

Na sauka Bajoga ran Laraba da biro da littafi,
ina cigiyar mutumin da ban taɓa gani ba
sai a hoto guda, shi ma gara ta cinye kunnensa na hagu.

Inna Dudu ta ce, zauna tukuna ka sha fura,
ba a tambayar matattu da ƙishirwa.
Ta jawo adaka daga ƙarƙashin gado,
kwaɗon ya ƙi buɗuwa sai da man gyaɗa.
A ciki akwai rasit ɗin haraji na shekara bakwai,
da carbin da ƙwaya uku suka ɓace,
da dutsen awo, baƙi wuluk, mai nauyin laba biyu.
Ta ɗora mini shi a tafi. Ta ce, ga kawunka.

Ubansu Jungudo ɗan fito ne a Nafada,
shekara talatin yana yanka Gongola da filafili.
Uban Jungudo kuwa, nan magana ta rabu biyu.
Inna ta ce daga Fika ya zo da jakai da kanwa.
Malam Gidado na bakin tasha ya yi dariya har da tari,
ya ce gudun bashi ya yo daga Dukku,
cikin dare, ko takalmi babu.
Na rubuta duka biyun.
Ban zo raba gardama ba.

Wata damina ruwa ya kife kwalekwale,
ya mayar da Jungudo gaɓa, ya riƙe ƙaramin ɗansa Buba.
Hammayo yana tsaye a kan yashi, yana ɗan sha biyar.
Tun ranar ba shi ba kogi,
ko kifi bai ƙara kaiwa baki ba.
Da ya tasa sai ya bi masu shimfiɗa dogo,
ya ɗauki tsakuwa a ka har wuyansa ya kafe,
sannan ya samu kujera a gaban sikelin auduga.

Kowa na tambaya sai ya ce, mutum ne mai gaskiya.
Haka ake faɗa wa ɗan'uwan mamaci, na sani.
Sai wata tsohuwa mai ƙosai, Adda Manga,
ta kalle ni ta cikin hayaƙi ta ce,
ya taɓa danne wa babana laba biyu, shekarar fari.
Bayan shekara goma sha ɗaya ya yi sallama ƙofarmu
da buhun gishiri a kafaɗa,
ya ajiye, ya kasa magana, ya juya.
Babana ya riga ya rasu.
Mu muka sha gishirin.

Matarsa ɗaya, Fanta, mai kitso.
’Ya’ya uku: biyu ƙyanda ta ɗauke a mako guda,
na ukun, Sa’adu, ya yi leburanci a Ashaka,
ya bi tankar mai zuwa Fatakwal,
wasiƙarsa ta ƙarshe tana neman kuɗin mota.
An aika.

Da la’asar muka je maƙabarta.
Inna ta ce daga gindin tsamiya taku bakwai ne gabas.
Tsamiyar an sare ta tun bara, har kututture.
Muka tsaya inda zuciyarta ta ce mata nan ne,
muka karanta Ƙulhuwallahu, ga shi, ga wanda ke kwance a wurin.

Da safe a tasha yaron mota ya ɗaga jakata,
ya ce, Alhaji, ƙarfe ka zuba a ciki?
Na ce, laba biyu ce kacal.
Ya ce, haba, ta fi haka.
Ban yi musu ba.