Tsakuwa Ɗaya

Na rataya zabira tun kafin assalatu,
na fita ta Ƙofar Guga, gari bai waye ba.
Malam Gambo ya ce, "Nomau, kai ne idonmu.
Mai gadi yana tare fatake, yana tare maharba,
amma ba a taɓa tambayar aska inda za ta ba."

Kwana biyu, na iske su yamma da Ruma,
sun sauka bakin fadama, ƙarƙashin gawo.
Tantuna fari fat, kamar an shanya likkafani,
hayaƙinsu ya fi na ranar kasuwa,
ga wani ƙaho yana kuka, ban san yarensa ba.

Na shimfiɗa buzu, na wasa aska a tafi.
Duk mai jar dara da ya gitta, tsakuwa guda a zabira.
Doki, ƙwallon aduwa.
Nasara, guntun ƙashi; huɗu na samu,
na biyar masassara ta kayar, bai fito ba.
Igwa biyu a bayan alfadarai,
sai mai ruwan nan mai ƙafa uku
da suka lulluɓe da bargo kamar mai jego.
Ita kam, ban sami abin da zan aje a madadinta ba.

Wanda ya miƙa maka wuya, bakinsa kan saki.
Wani ya ce jibi za su tashi,
wani ya ce hatsi ya ƙare, dole a ratsa Batsari,
wani Banufe ya wuni yana zagin ƙarangiya.
Ni dai "to" da "ashe",
ina goge gashi a gwiwa,
ban ɗaga kai ba.

Rana ta uku, la'asar sakaliya,
wani dogo ya tuɓe dara, ya durƙusa.
Na juya kuncinsa wajen haske.
Zube shida. Na shidan ya karkace.
Ni na karkatar da shi.
Ranar suna ce, a Rafindaɗi,
jariri ya yi atishawa, hannuna ya goce,
ƙanwata Tarana ta yi wata guda ba ta gaishe ni ba.
Yana shekara bakwai mahara suka ɗauke shi
a gonar gero, shi da akuyar da yake ja.
Mun yi sadakar arba'in, mun raba gumba,
ba mu ga gawa ba.

Hausarsa ta yi tsami, ta sha ruwan Lakwaja.
Ya ce, "Baba, sannu-sannu, akwai ƙurji a nan."
Aska tana tafiya bisa maƙogwaro,
Mantau ya lumshe ido, yana jin daɗin ruwan sanyi.
Ya ƙirgo wuri ashirin. Na karɓa.
Ban ce masa ni ne kawu ba.

Daren Alhamis na zazzage zabira gaban Malam.
Aci-balbal, gafaka, alƙalamin kara,
ina warewa yana rubutawa:
"Bayan gaisuwa da ban girma,
dawaki sittin, igwa biyu, ruwansu na fadama ne,
za su bi ta Batsari,
'yan ƙasa ɗari uku da goma sha…"
Ya ɗago. Tawada na ɗiga.
"Sha ɗaya," na ce.
Ya dube ni, "Me ya sami muryarka?"
Tsakuwa ce ƙarƙashin harshe,
tun daga Ruma ban tofar ba.

Aka naɗe takarda, baduku ya ɗinke ta laya,
yaro ya ruga da ita fada a damtse.
An karanta, an yi shiru, an yi alwala.
Da suka iso, ƙofa a buɗe suka same ta,
ko kibiya ɗaya ba a harba ba.

Sun wuce ta bakin lungunmu, ƙafa ɗaya, ƙura ɗaya.
Tarana tana daka, ta leƙo da taɓarya a hannu,
ta ce, "Yaya, su nawa ne?"
Na faɗa mata abin da ke cikin takarda.
Ta koma ga turminta.

Yau ma na wasa aska, na gyara ƙaho,
na ji tana ƙara a gindin zabira.
Lissafin Malam ya tafi Sakkwato, an ce,
nawa yana nan,
bai cika ba.