Shaidar Ungozoma

Alhamis ce, kasuwar Maigatari na ci,
raƙuma na gurnani a kara,
aka kira ni ofis, ni da ban taɓa riƙe biro ba,
wai in faɗi abin da na sani a kan Kime.

Na ce: ɗana, rubuta.

Shekarar da rijiyar Bulama ta rufta
uwarsa ta iso garinmu da la'asar sakaliya,
tabarma a ka, ciki a gaba,
ƙafafu sun kumbura, takalmi wari ɗaya.
Fanna sunanta, daga Bosso, bakin ruwa,
inda aka cinna wa jiragen masunta wuta
da mijinta a cikin ɗaya.
Ba ta jin Hausa, ba na jin Barbarci,
amma naƙuda ba ta neman tafinta.

A ɗakina ta durƙusa.
Ni na yanke cibi da sabuwar reza,
ni na haƙa rami a gindin kurna,
na binne mabiyiya, na daɓe da dunduniya.
Kurnar na nan. Ku aika a duba.

Ya ce: Iya, kurna ba takarda ba ce.

Na ce: ci gaba da rubutu.
Da kunun geronmu ya yi haƙori.
Ya kori tsuntsaye a gonar Maikuɗi damina uku,
bulalar da ta zane jikokina ita ta zane shi,
in ya firgita cikin barci, da Hausa yake kiran uwa.
Yau ya ci jarrabawa, makarantar kwana na jira,
an ce sai takardar asali,
an ce ubansa mutumin can ne.
Fanna ta sayar da tunkiya ta tafi can,
aka ce: a Nijeriya ya faɗo, ku koma.
Ko ɗan akuya in ya ɓace ran kasuwa
yana samun mai cigiya.

Iyakar nan da kuke faɗa, ai na san ta.
Turken siminti ce a gonar Ɗan'azumi,
a jikinta yake ɗaure jaki.
Kunyar wakensa tana farawa a nan
ta je ta ƙare a Nijar,
ba a taɓa jin waken ya canza ɗanɗano ba.
Kakata 'yar Dungas ce, ba wanda ya nemi hotonta.
Shekarar da gero ya ƙi, mu ma mun ƙetara,
sai da aka dama mana fura
sannan aka tambayi sunan garinmu.

Ya ajiye biro, ya murza ido.
Yaro ne shi ma, gashin bakinsa bai gama fitowa ba.
Ya ce: Iya, ba ni na yi dokar ba.
Fom ɗin nan gurbi biyu gare shi,
ɗan ƙasa, ko baƙo.

To, in ka ga masu yin ta, ka kai musu saƙona:
riga in ta matse yaro
ba yaron ake ragewa ba,
farke ta ake, a ƙara ƙyalle.

Bai ce komai ba. Ya turo mini tawada.
Na dangwala babban yatsa,
wanda ya danne cibiyar Kime har jini ya tsaya.
Ya ce a dawo bayan Sallah,
ya juya takardar, ya ƙara wani rubutu a bayanta.

Kime na waje yana gadin ƙwaryata,
ya karanta allon ofis daga sama har ƙasa,
ya ce akwai harafin da suka manta.

Tawadar ba ta bar yatsana ba
da aka buga mini ƙyaure tsakar dare:
wata ce a bukkokin bayan gari,
jiya suka sauka, ba a san daga ina ba.
Na laluba reza da zare.
Na ce a ɗora ruwa.