Lamba Ɗari Biyu da Sha Huɗu

A Pasto gari kan waye da gajimare a kan dutsen Galeras,
ni kuwa ina ɗaki marar taga
ina jiran abin da ba ya son iska ya tsiro.

Yau kwana biyar.
Na shimfiɗa masa jinin doki a faranti,
na rage masa iska, na ɗumama akwatin
daidai ɗumin cikin mutum,
kamar mai lallashin baƙon da ya yi fushi.

Likita Arcesio ne ya tsinko shi ranar Talata.
Ya zura bututu mai ido ta maƙogwaro,
ya bi hanyar da dankali da ruwan rake suka saba bi,
ya fito da tsokar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba.
Aka kawo mini cikin ƙanƙara,
babu suna, sai lamba.
Haka dokar aikin take: ba na sanin mai cikin.

Sai dai na ga hular ulu a bencin jira,
mai jan zare a gefe inda asu ya ci.
Ni na ɗinke ta, bara waccan.

Kawu Eudoro, manomin dankali daga Túquerres,
shekara biyu yana cewa ƙwannafi ne kawai,
yana dafa ganye, yana shan ruwan ɗumi.
Da ƙusa ya huda wa ɗamararsa sabbin ramuka uku
bai gaya wa kowa ba.
Matarsa Clemira ce ta ƙirga.

Ga abin da ke hana mu barci a wannan bene:
can ƙasa a Tumaco, bakin teku,
masunta na ɗauke da ƙwayar nan tun suna goye,
su tsufa da ita, su ga jikoki.
Nan kan tudu kuwa sai ta ci mutum daga ciki.
Gishiri ne? Ƙasa ce? Ko dangin ƙwayar ne daban?
Muna da firiza huɗu cike da tambayar.

Da hantsi na buɗe akwatin.
Sun fito. Ƙanana, garai-garai, kamar raɓa a kan ganye.
Wa zai ce abu mai kyau haka
shi ne ya hana mutum cin gasasshiyar masara?
Na ɗiga su a ruwan gwaji, ya rine ja-ja.
Na leƙa madubi, ga su a murɗe
kamar igiyar da aka kwance ba ta manta ƙullinta ba.

Bayan kwana uku, gwajin magani.
Na farko, wanda ake rubuta wa kowa,
sun tsiro har gindinsa ba ko kunya.
Na biyu ya share fili kewaye da kansa,
da'ira fes mai faɗin kwabo.
Na auna sau biyu. Hannuna bai tsaya ba, na auna na uku.

Sauran tsokar tana ƙarshen baranda
wurin Yolima mai yanka siriri da rini.
Ita za ta faɗi ko bangon ya fara canza kama.
Na wuce ƙofarta sau shida yau
ban ƙwanƙwasa ba.

An ce ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba.
Nawa yana riƙe da lamba ɗaya.

Ranar Lahadi ya rako ni tashar mota
da rabin buhun dankali, ya hana ni ɗauka.
“Nubia, me kuke gani a wannan ɗakin naku?”
Na ce, “Raɓa, Kawu.
In likita ya ba ka ƙwayoyi, ka shanye duka,
ko da bakinka ya yi ɗacin ƙarfe.”
Ya yi dariya, ya gyara hular.
Direba na ta danna oda,
buhun kuma ya ƙi shiga ƙarƙashin kujera.