Lamba Tara

Tayar babur ɗina ta fashe a hanyar Aujara,
ni da mai faci muka yi la'asar a gindin kuka.
Kafin in isa fili an busa usur na ƙarshe,
yara suna lilo a jikin turakun raga,
ragar ma tsohuwar koma ce ta masunta.

Na tari mai rake yana ɗaure kayansa.
Nawa da nawa? Ɗaya da nema.
Wa ya ci? Ya tauna, ya tofar,
ya ce mai lamba tara, Tasi'u ake ce masa.
Na rubuta a bayan takardar ƙosai.

Da dare na shiga rediyo da muryar wanda ya gani.
Har gishiri na ƙara: da ka ya jefa ta, na ce,
mai tsaron gida ya yi tsalle ya kamo iska.
Ban ga kai ba. Ban ga tsalle ba.
Tib na gani a bokiti yana fitar da kumfa.

Da hantsi waya ta yi ƙara.
Muryar dattijo, ba faɗa, ba zagi:
"Ɗayyabu tela ne daga Harbo, uban Mudansir.
Rigar nan mai lamba tara ni na ɗinka ta.
Tasi'u ya gurɗe tun kafin hutun rabin lokaci,
ya tuɓe ya miƙa wa ɗana,
riguna goma sha ɗaya ne kaf a garin.
Da hagu ya ci, ƙafar da aka ɗora masa bara.
Na sayi sabon batir, na shimfiɗa tabarmi biyu a ƙofar shago,
uwarsa na bayan zana tana saurare."
Sai shiru.
Katinsa ne ya ƙare ko maganarsa, ban sani ba.

Na sami edita yana ɓarar gyaɗa a kan tebur.
Ya ce, ƙwallon ƙauye? Wa zai tuna jibi?
In muka ce mun yi kuskure, wa zai ƙara yarda da mu?
Na ce, a Harbo yanzu ma ba mai yarda.
Ya hure ɓawo daga tafinsa,
ya ba ni daƙiƙa goma sha biyar
tsakanin tallan takin zamani da cigiyar akuya.

Na ce: Jiya na ambaci Tasi'u, Mudansir ne.
Na ce da ka, da ƙafar hagu ne.
Na yi magana kamar ina wurin. Ba na wurin.
Wannan na ƙarshen ba ya cikin takardar da edita ya duba.

Amma bunun da aka zara ya riga ya yi nisa.
Ƙaryata ta hau mota da kiɗa a bayanta,
gyaran ya biyo a ƙasa, ba takalmi.
Wani koci a Dutse ya rubuta suna tun daren farko,
ya aika a kawo masa Tasi'u gwaji,
Tasi'u da ke dogara sanda yana rantsuwa ba shi ba ne.

Ran kasuwa na sake ɗaukar hanya, taya sabuwa.
Tela bai ɗago ba, keke na ta sukuwa a kan shadda.
Ya turo min kujera da ƙafa.
Na ce, kun ji gyaran?
Ya ciji zare, ya ce, ba mu kunna ba.
Rediyon na kan kanta, an rufe shi da ƙyalle.
"Yana gona, yankan riɗi.
Bi ta bayan makaranta, ka faɗa masa da bakinka."

Ga ni tsakanin kunyoyi, ƙaya na kama wandona,
ba makirufo, ba mai ƙirga min daƙiƙa.
Can wani dogon yaro ya miƙe da lauje a hannu,
yana kare rana, yana duban baƙo.
Ina maimaita sunan a hankali
kada in sake ɓata shi.